Gudummawar da Na Shirya wa Kaltumi Ranar Suna

Inna Ummusalma, assalamu alaikum. Don Allah don Annabi ki taimake ni da shawara, ko ki tsayar da ni ko ki ce in je, domin ni dai na riga na ɗaura ɗamara. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce, ni Babarbariya ce.

A Diffa nake zaune da maigidana da ƴaƴanmu. Daga tsallaken kogin Komadugu muka gudo shekarar da kowa ya gudo, muka yi zaman bukka a sansanin ƴan gudun hijira na Assaga, daga baya Allah ya buɗa mana muka samu ɗaki biyu cikin gari. Sana'ata tattasai. Ina sarowa wajen manoman Shetimari, in shanya, in daka, in haɗa yaji da citta da kanumfari, mata su zo har gida su auna. Ba yabon kai ba, a unguwarmu mai jego ba ta shan romo sai da yajina.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, yau zan faɗa miki. Ni da maigidana muna ɗauke da ƙwayar cutar sida. Mun daɗe muna shan magani, muna lafiya lau har zuwa bara, yaran duk an gwada su ba su da komai, alhamdulillahi. Ban san wanda ya kawo wa wani ba, kuma mun daina wannan tambayar tuntuni. Har mahaifiyata ta rasu ba ta sani ba.

A asibiti akwai wata mata, Kaltumi. Inna, ki buga sunanta yadda na rubuto shi, da sunan unguwarta, kada ki taɓa ko harafi ɗaya. Ba likita ba ce, irin matan nan ce da ake sa su bi masu shan magani, su tuna musu ranar karɓa, su lallashi wanda ya gaji. Ranar da aka faɗa mini sakamakona na fita bayan ɗakin gwajin na zauna a ƙasa cikin rana, ko kuka na kasa. Ita ta zo ta zauna kusa da ni, ta buɗe jakarta ta nuna mini farar kwalbar magani irin wadda aka ba ni. Ta ce tata ce, shekara da shekaru tana sha, ga ta nan garau. Ta ce ko ƴaƴan da ta haifa ba su sani ba, kowa ya ɗauka aikin asibiti kawai take yi. Tun ranar na riƙe ta kamar yayata ciki ɗaya. In za ta zo gidana da ƙafa take zuwa, da ɗan kwano a hannu kamar mai sayen yaji, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ta.

Bara da damina wasu tabo suka fito wa maigidana a ƙafa, baƙi-baƙi, ba ƙaiƙayi ba zafi. Muka ce ko ruwan fadama ne, don yana aikin ban ruwa a gonakin mutane. Muka shafa man kaɗanya, muka shafa na wanzami, ba su tafi ba, sai ma ƙafar ta fara kumbura. Lokotoro, wato likita, ya duba ya ce wani irin ciwon daji ne na fata da ya fi kama masu irin cutarmu. Wai wata ƙwayar cuta ce daban ke kawo shi, tana nan kwance a jikin mutane da yawa ba ta motsi, sai garkuwar jiki ta yi rauni ta tashi. Ya ce akwai masu bincike da suka zo daga Yamai suna nazarin wannan ƙwayar. Suna ɗibar jini da yawu da ɗan guntun fata, su kai labo, ɗakin gwaje-gwajensu, su gano dalilin da take tashi a jikin wani ta bar wani. Suka yi mana bayani da Barbarci, ba su ɓoye ba cewa ba magani suke rabawa ba, ilimi suke nema. Maigidana ya yarda. Ni sharaɗi ɗaya na kafa: komai a asibiti za a yi, kada kowa ya tako ƙofar gidana. Kaltumi ta dafa ƙirji ta ce wannan a wuyanta.

Ɗibar farko aka yi lafiya. Da ta biyu ta zo, ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga, ya kasa zuwa. Su kuma wai jinin sai ya bi motar Yamai a ranar, cikin ƙanƙara, in ya kwana ya lalace. To Inna, ina cikin daka da hantsi sai ga farar motar furoje, irin ta ƙungiyoyin agaji, mai doguwar eriya, ta shigo lungunmu ta tsaya daidai ƙofata. Kaltumi ta sauko daga gaba, wani ma'aikaci na bin ta rungume da akwatin ƙanƙara.

Ke da ba a Diffa kike ba, sai na yi miki bayani. A nan farar mota ba ta tsayawa ƙofar talaka sai in rabo za a yi, shinkafa ko mai ko tabarma, ko kuma an zo rubuta sunaye. Kafin su gama sallama lungu ya cika. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, kowacce da katinta a hannu, har daga unguwar bayanmu. Suka ga akwati suka ce ga kayan nan. Wata maƙwabciyata da muke cin abinci kwano ɗaya ta fara ihu, wai na je na rubuta gidana a ɓoye na bar su, wai dama an ga ina yawan zuwa wajen masu farar riga. Suka tare mota, suka tare ƙofa. Mai akwatin ya gama ɗibar jinin ya fito ya rasa hanya, yana duban agogo yana cewa ƙanƙara na narkewa.

Da a ce Kaltumi cewa ta yi ciwon ƙafa aka zo dubawa, da gaskiya ta faɗa, kuma da an watse. Ina! Sai ta hau dakalin ƙofata, ta ɗaga murya, ta ce wannan ba rabo ba ne, jinin masu shan maganin ɗakin baya aka zo ɗiba, duk mai son a rubuta shi a can ya matso. Ta faɗa da Barbarci, ta maimaita da Hausa don kada wani ya rasa. Ɗakin baya kuwa, Inna, ba wanda bai san na su wane ne ba a asibitin.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Hanya ta buɗe, mota ta wuce da jinin, aka bar ni tsaye a ƙofa da taɓarya a hannu.

Tun daga ranar ko cokali ɗaya na yaji ban sayar ba a unguwar. Buhunan tattasai na nan jingine, ƙwari sun fara shiga. Turmina da ke yawo gida-gida an aiko mini da shi an wanke da toka, ba wadda ta sake zuwa aro. A pompo wajen ɗibar ruwa, in na ajiye bidona sai na kusa su ja jarkokinsu. Ƴata ta dawo daga lakwal, makarantar bokonsu, tana tambayata ma'anar sunan da yara suka kira ta da shi. Maigidana kuwa, a wajen shayinsu aka ware mishi kofi nashi shi kaɗai, aka ɗaura wa kofin jan zare don kada a yi kuskure. Mutumin da tare suka tsallako ruwa, tare suka binne ƴan'uwa! Daga nan ya daina fita sai masallaci, yanzu masallacin ma ya daina. Ya ce ba zai ƙara taka asibitin nan ba. Ya ajiye magani, wai wanda aka binne da rai me zai yi da ƙwaya. Tabon sun hau har gwiwa, jiya na ga ɗaya a dasashinshi.

Kaltumi ta zo ba da haƙuri, wai. Da ƙafa, da ɗan kwanonta, kamar ba abin da ya faru. Na rufe ƙofa a fuskarta. Ta tsaya waje tana kuka, tana cewa tsoro ne ya kama ta, ta ga za a turmushe mai akwatin, bakinta ya riga hankalinta. Ta aiko da tuwo, na zuba wa awaki. Kuka! Ta gama kukanta ta koma gidanta da mutuncinta, ana ce mata Madam Kaltumi ta asibiti, ana shimfiɗa mata tabarma a gidan biki. Ni kuwa ta kwance mini zane a bakin ƙofata ta tafi. Wallahi tallahi na tsane ta, Inna, in na ji an ambaci sunanta sai bakina ya yi ɗaci.

Ga abin da na shirya. Ƴarta ta fari na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma a gidan Kaltumi za ta yi jego, can za a yi taron mata ranar suna. A nan in la'asar ta yi mata kan zauna a tsakar gida, kowacce ta miƙa gudummawarta, maroƙiya ta buɗe ta ɗaga sama ta faɗi sunan mai kawowa, a yi guɗa. Kowa ya san abin da nake kaiwa gidan haihuwa, yaji ne cikin kwano mai murfi. Na wanke kwanon. Na tara fararen kwalaben da muka shanye, na cika shi, na rufe, na ɗaure da sabon ɗankwali. Zan yi lalle, in turara lafayata, in je in zauna a gaba. In maroƙiya ta buɗe ta ɗaga, zan miƙe in ce na kawo wa abokiyar shan maganina ne, ta ƙara a kan nata da ke cikin jaka, duk mai shakka a zazzage jakar a gani. Zan faɗa da Barbarci, in maimaita da Hausa. A gaban surukanta, a gaban ƴarta mai jego. Ina so in ga fuskarta. Ina so ta ji irin shirun da na ji. Ko wanki nake ko shara, wannan la'asar ɗin nake gani a idona.

Kuma jinin, ina so a dawo mini da shi. Ana cewa sayarwa suke yi a ƙasashen waje. Ko su kawo mini jinin mijina, ko su zubar da shi a gabana.

Za ki ce to me ya sa na rubuto tunda na gama shiri. Jiya na ɗaga kwanon zan gyara ɗaurin, sai na ji hannuna ya yi sanyi, ban san dalili ba. Ba tausayinta nake ji ba, kada ki ɗauka haka. Ita ta fara. In na rama, ni ce azzaluma? Ki faɗa mini gaskiya, amma don Allah kada ki ce mini haƙuri kawai, na ƙoshi da wannan kalmar.

Mai Yajin Jego, Diffa.

*

Ƴata Mai Yaji, wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ba zan ce miki haƙuri kawai ba. An zalunce ki. Kin kafa sharaɗi, an amsa miki, aka karya shi a bakin ƙofarki. Abin da ya fito daga bakin matar nan cin amana ne, ko da tsoro ne ya fitar da shi, kuma fushinki yana kan hanya.

Amma ki sani, Kaltumi ba sunanta ba ne, ni na sa mata. Na cire sunanta na gaskiya da na unguwarta, na sauya wasu abubuwa a wasiƙar don kada a gane ta, ke ma kada a ƙara gane ki. Kin so in zama maroƙiyarki in ɗaga kwanon tun kafin ranar suna. Na ƙi, kuma ga dalilina.

Ita bakinta ya kuɓuce cikin hayaniya, mutane sun tare hanya, ga mutum na ce mata ƙanƙara na narkewa. Wannan bai wanke ta ba. Ke kuwa kin wanke kwano, kin zaɓi ɗankwali, za ki yi lalle. Allah ya san bambancin waɗannan biyun, kuma hannunki da ya yi sanyi shi ma ya sani. Asirin da za ki tona ba leƙe kika yi kika gano ba, ita ta buɗe miki jakarta ranar da kika zauna a ƙasa kin rasa abin kamawa.

Ki kuma duba waɗanda ke zaune a tsakar gidan nan. Akwai yarinya mai ɗanyen jego da ba ta yi miki komai ba, wadda dangin mijinta za su fara duban ta da jaririnta da wani ido tun daga ranar. Kuma ina tabbatar miki, a kowane taro irin wannan ba a rasa mace ɗaya ko biyu masu irin kwalbar nan a ƙasan akwati. Za su ga abin da aka yi, wata mai zuwa su ji tsoron zuwa karɓar magani. Turminki ba zai koma yawo ba don an kunyata Kaltumi. Sai dai ki koya wa ƴarki da bakinki cewa kwalbar da ke riƙe da ran iyayenta abin zagi ce. Dokar ƙasa ma ta hana tona asirin mai wannan cuta. Yau dokar tana bayanki, ranar da kika buɗe kwanon za ta koma bayan Kaltumi.

Fushin nan kada ki haɗiye shi, ki kai shi inda zai yi aiki. Kaltumi ba ita ke da mota ba, ba ita ta ba da izinin fita da ita ba. Ki nemi ganin shugaban masu binciken da shugaban asibiti, ki faɗa musu abin da ya faru dalla-dalla, ki nemi a rubuta. Irin wannan bincike ba a fara shi sai wani kwamiti ya duba ya amince, ki tambayi yadda ƙararki za ta kai gare shi. Ki ce a sauya muku mai bin ku. Ki kuma ce su da suka ɓata su zo su gyara, da ƙafa, tare da bulama, wato mai unguwarku, da liman, su faɗa wa unguwa cewa wannan cuta ba ta bin yaji, ba ta bin turmi, ba ta bin kofin shayi. Kafin nan, ki kai buhunan tattasan babbar kasuwa ki sayar wa ƴan sari, kada ƙwari su gama da su.

Batun jini, ba a mayar wa mutum da shi a hannu. Amma maigidanki, shi da kansa, yana da ikon ya ce ya fita daga binciken, ya nemi a lalata abin da aka ɗiba, kuma wannan ba zai hana a ci gaba da ba shi magani ba. Maganar sayarwa ban da hujja a kanta, ba zan tabbatar miki da jita-jita ba. Ku tambaye su kai tsaye ina ake kai shi, wa ke taɓa shi, haƙƙinku ne a amsa muku. Binciken kansa ba maƙiyinku ba ne. Da irinsa aka gano ƙwayar da ke kawo tabon nan, har lokotoro ya iya duban ƙafa ya faɗi sunan ciwon. Ke ma in kin je, ki nemi a duba miki bakin mahaifa, domin akwai wata ƙwayar da ke kawo ciwon daji a nan, kuma ta fi samun dama a jikin mata masu irin lalurarki. In an gani da wuri ana maganinsa.

Kaltumi kuwa, ban ce ki yafe mata yau ba, yafiya ba a tilasta ta. Ki buɗe mata ƙofa sau ɗaya, ki shigar da ita ɗaki, ki faɗa mata duk abin da kika faɗa mini, har jan zaren kofin, ta ji da kunnenta. In da gaske take kukan, ga aikin da za ki ba ta: ta karɓi yajinki ranar suna, ta ɗanɗana a gaban mata, ta zuba wa ƴarta a romo. Matar asibiti in ta yi haka, ya fi wa'azin wata guda. In ta ƙi, kin san matsayinta, ki fita harkarta.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kaltumi ta cinye kusan dukkanta, mutumin da ke kwance a ɗakinki da tabo a baki bai samu sai ƴan layuka ba. Ƴata, maganin da ya ajiye shi ne babban abin da ke danne wannan ciwon. Sau da yawa in garkuwar jiki ta dawo tabon kan ja baya, wani lokaci a haɗa da wani maganin, likita ne zai faɗa. In aka daina sha kuwa, ciwon kan shige ciki, kuma na baki ba abin jira ba ne. Ki nemo namijin da yake jin kunyarsa, wansa ko malaminsa, ya zo ya zauna da shi. In asibitin nan ne ba ya son gani, ku nemi a mayar da shi wani wurin karɓa. Amma likita ya gan shi cikin satin nan.

Kaltumi za ta kai baɗi, da asirinta ko babu shi. Maigidanki, in bai koma kan magani ba, ban san ko zai kai ba. Ina jin tsoron kina shirin sunan gidan wasu, zaman makoki ya riske ki a naki. Ki ajiye jaridar nan, ki shiga wurinsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya raya muku yaran nan a gabanku ku biyu.

Innarki, Ummusalma.